Jingina, Kayan Hannu da Kayan Sata a Kumasi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi fitowa daga bakin mutanenmu na Aboabo, Asawase, Sabon Zongo, Alabar da Tafo: masu shagon waya, dillalai, 'yan kondem (masu sayen tsofaffin ƙarafa), da waɗanda aka yi wa sata suke bin sawun kayansu. Kusan dukkansu wuri guda suke komawa. Ran da magana ta kai gaban ɗan sanda ko alƙali, abin da za a fara tambaya shi ne, "A ina ka samo wannan kaya?" Mai amsawa da takarda da shaida yakan kwana a gidansa. Wanda amsarsa ita ce "wani yaro ne ya kawo mini", shi ake tashi nema wa beli.

Na sayi waya da kuɗina a kasuwar waya ta PZ, ban san ta sata ba ce. Mai ita ya zo da 'yan sanda. Ta wa ce?

Ta mai ita ce. Sashe na 28 na Dokar Sayar da Kaya ta 1962, doka mai lamba 137, ya ce wanda ya sayi abu a hannun wanda ba mai shi ba, kuma ba da izinin mai shi ba, bai sami haƙƙin da ya wuce na wanda ya sayar masa ba. Ɓarawo ba shi da haƙƙin komai a kan wayar, don haka ba abin da ya miƙa maka sai ƙarfe da gilashi. Ko ta bi hannu biyar kafin ta iso gare ka, ko da rana tsaka ka saya a tsakiyar kasuwar Kejetia, hukuncin bai canja ba. Mai ita kuma ba dole ba ne ya biya ka ko sidi ɗaya kafin ya karɓa.

Akwai wani bambanci da mutane ba su cika lura da shi ba, tsakanin sata da damfara. Idan mai kaya da hannunsa ya sayar, aka yaudare shi da saƙon ƙarya na MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ɗan damfarar kuma ya yi maza ya sayar wa wani wanda bai san komai ba kafin mai kayan ya warware cinikin, to sashe na 29 na iya bar wa wannan na ukun kayan. Shi ya sa wanda aka damfara ba shi da lokacin zama yana jaje. A ranar zai kai rahoto, don ya nuna bai yarda da cinikin ba.

To kuɗina fa, wa zai mayar mini?

Wanda ya sayar maka. Sashe na 10 na dokar nan ya ɗora wa duk mai sayarwa alhakin cewa yana da ikon sayar da abin, ko an rubuta haka ko ba a rubuta ba. In ya ƙi biya, kana iya kai shi kotun majistare, wadda tun 2020 take sauraron ƙarar kuɗi har sidi 500,000. Kada ka bari a daɗe, domin irin wannan ƙara tana da wa'adin shekara 6. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa ofishin Hukumar Agajin Shari'a.

Matsalar ba a doka take ba, a gano mutumin take. Wanda ya tare ka a bakin titi, ya zaro waya daga aljihu, kuka yi ciniki a tsaye, ba ka san sunansa ba balle unguwarsu, wa za ka kai ƙara? Mai shago yana nan gobe da jibi. Ɗan bambancin farashin da ke tsakaninsu, kuɗin wannan tabbacin ne.

Ban saci komai ba, saya kawai na yi. Za a iya ɗaure ni?

Za a iya, in an tabbatar ka sani. Sashe na 146 na Dokar Laifuka ta 1960, mai lamba 29, ya ce wanda ya karɓi kayan da ya san ta hanyar laifi aka same su, hukuncinsa daidai yake da na wanda ya aikata laifin. Sashe na 147 ya faɗaɗa ma'anar karɓa: saya, ajiyewa a hannunka, ko taimakawa wajen batar da kayan ta kowace hanya, in dai ba da niyyar mayar wa mai su ba. Ke nan dillalin da ya nemo mai saye ya ci la'ada, da mai gyaran da ya goge wayar ya canja mata fuska, duk suna ciki. Abin da Bahaushe ke kira ɓarawon zaune ke nan.

Sata na iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 25. Fashi kuwa mafi ƙarancinsa shekara 10 ne, in da makami 15. Wayar da aka ƙwata da adda a bakin hanya, wanda ya saye ta yana sane, ma'aunin fashi za a ɗora shi a kai.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne sashe na 148. In an same ka da abin da ake zargin na sata ne, ka kasa yi wa kotu gamsasshen bayanin yadda ya zo hannunka, kotu na iya ɗauka na satan ne ta hukunta ka. Alƙali ba ya ganin zuciya, alamu yake dubawa: wayar sidi 6,000 da ka saya 1,500, cinikin ƙarfe biyun dare, babur ba takardu, yaro ɗan shekara sha uku da sarƙar gwal ta manyan mata. "Wallahi ban sani ba" ba ta ɗaga waɗannan.

In an kama ka, sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya ba ka haƙƙin a gaya maka dalili da harshen da kake ji, da haƙƙin ganin lauya, kuma cikin awa 48 ko a sake ka ko a kai ka kotu. Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu suna cikin lissafin. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta maka ka fahimta ba. Belin 'yan sanda kuma ba na kuɗi ba ne.

Me zan duba kafin in sayi wayar hannu?

Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, za ta fito. Gwada ta da wadda ke cikin saitin wayar da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, bar ta. Daga nan ka sa mai sayarwa ya buɗe wayar da hannunsa, ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka, ya goge ta, sannan ku kunna tare har ta kai ka ciki ba ta nemi asusun kowa ba. Mai waya na gaskiya minti biyar wannan zai ɗauke shi. Wanda ya ce "ta ƙanena ce, ya yi tafiya" ko "na manta lambar sirrin, kowane mai gyara zai buɗe maka", ya riga ya ba ka amsa.

Sa layinka ka kira wani, ka shiga intanet da ita. Wannan yana da muhimmanci yanzu saboda wayoyin da ake ɗauka bashi ana biya kaɗan-kaɗan. Wasu sukan ɗauko su sayar kafin su gama biya, bayan 'yan kwanaki kamfanin ya kulle ta daga can, ta zama dutse a hannunka.

Sai rasit: kwanan wata, sunan mai sayarwa, lambar katinsa na Ghana Card, lambar wayarsa, IMEI, da farashi. Biya ta MoMo zuwa layin da ke ɗauke da sunan da ke kan katin ya fi biya a hannu, domin ya bar sawu. In sunan da ya fito lokacin turawa daban ne, tsaya ka tambaya.

Ina da shagon kayan hannu. Ta yaya zan kare kaina?

Rajistar sunan kasuwanci da lasisin majalisar yankinka, ta birnin Kumasi (KMA) ko ta Asokore Mampong, suna nuna kai ɗan kasuwa ne na halal. Amma ba su cewa komai game da firijin da ke bayan shagonka. Abin da ke magana a kansa littafi ne.

Sayi littafi mai ɗinki, ba mai zare shafi ba, ka sa wa shafukan lamba. Duk abin da ya shigo, rubuta a ranar: wanda ya kawo, lambar katinsa, unguwa da adireshin gidansa, siffar kayan da lambar jikinsu, abin da ka biya, da inda ya ce ya samo su. Ya sa hannu, ka ɗauke shi hoto riƙe da kayan da katin. Kada ka bar layi a buɗe don cikewa daga baya. Ɗan sanda mai bincike ya san bambancin littafin da ake rubutawa kullum da wanda aka zauna aka cike jiya da dare da biro ɗaya.

Shawararmu, ko da yake tana ɗaure jari: kayan da baƙo ya kawo a bar su mako guda ko biyu kafin a fitar ko a farke su. Yawancin cigiya a kwanakin farko take zuwa. Kada a saya a hannun yaro sai da babbansa a tsaye. Wannan ya shafi iyayenmu dillalai mata ƙwarai. Hajiya, in yarinya ta kawo miki turmin atamfa ko 'yan kunne ta ce uwarta ta aiko ta, kira uwar a waya ki ji daga bakinta. Satar cikin gida ta wannan ƙofa ta fi fita.

'Yan kondem na Akwatia Line da Dagomba Line su kiyayi abubuwa huɗu: wayar wutar lantarki ta kamfanin wuta na ECG, mitar ruwa, murfin kwalbati, da ƙarfen layin dogo. Ba mai irin waɗannan a ɗakinsa da zai ce nasa ne. Wayar tagulla da aka riga aka ƙone ko aka daddatsa kafin a kawo ta, a tambayi dalili.

Babur, pragya (keke mai ƙafa uku) ko mota fa?

Nan kuɗin ya fi yawa, don haka ba a gaggawa. Lambar shasi da ta inji da ke jikin ƙarfe dole su yi daidai da na takarda, harafi da harafi. Goge wurin da tsumma, ka haska da tocila, ka shafa da yatsa. Alamar gurza, sabon fenti a wannan ɗan wurin kaɗai, walda a kewaye, ko alƙaluman da ba su jeru daidai ba, duk alamun an taɓa lambar ne. Gogaggen makaniki daga unguwar makanikai ta Suame Magazine zai gane wannan da kallo ɗaya, kuma kuɗin shayinsa bai kai asarar babur ba.

Ku tafi DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, tare da wanda sunansa ke kan takardun a canja mallaka kafin ka cika kuɗi. Duba takardun kwastan, domin abin hawan da aka shigo da shi ba a biya haraji ba ana iya ƙwace shi ko ba na sata ba ne. A yi bincike a rajistar jingina ta Babban Bankin Ghana, ko an ci bashi da shi. Manyan motoci kuwa, hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan kuɗi ta sha karɓe waɗanda aka sato daga Amurka da Kanada a hannun mutanen da suka saya a nan da kuɗinsu.

An yi mini sata yau. Me zan fara yi?

In waya ce, layi da kuɗi tukuna. Ari wayar wani ka kira 100 ko ka je ofishin kamfanin layinka da Ghana Card, a rufe layin da asusun MoMo. Sanar da bankinka. Daga wata na'ura ka kulle wayar ta asusunka na Google ko Apple, amma kada ka cire ta daga asusun, domin cirewar ita ke buɗe wa ɓarawo hanyar sayar da ita. In an taɓa kuɗinka ta intanet, layin Hukumar Tsaron Intanet 292 ne.

Sannan ka je ofishin 'yan sandan yankin da abin ya faru, da kwali, rasit, hotuna da duk lambar da ke jikin kayan. In ɓarayin na nan kusa ko da makami, 191, 18555 ko 112. Ka tabbata an rubuta ƙararka, ka riƙe sunan mai binciken da lambarsa, ka nemi takardar rahoto. In gida aka fasa, kada a share, kada a gyara ƙofa sai sun zo sun gani. Masu kyamara a layinku a roƙe su a ranar, domin na'urorin kan goge tsohon hoto da kansu bayan 'yan kwanaki.

Kamfanin waya ba zai gaya maka wanda ke amfani da wayarka ba. 'Yan sanda ne ke neman wannan ta hannun kotu, kuma da IMEI suke nema. Wanda bai taɓa rubuta tasa ba, ya kuma jefar da kwali, ya rage wa kansa hanya sosai. A yi hattara da masu cewa a tura musu kuɗi su gano waya. Sau da yawa sata ta biyu ce.

Na ga kayana a shagon wani. In ɗauke abina?

A'a. Yi kamar mai ciniki, duba alamar da ka sani, tsagar da ke gefen gilashi ko lambar jiki, ka lura da shagon, ka fita ka kira mai bincikenka. In ka tada murya, kayan za su fita ta ƙofar baya kafin kowa ya iso. In ka fizga, kai za a rubuta wa laifin duka ko tada hankali, alhali mai shagon ma wataƙila saya ya yi.

Ihun "ɓarawo" a kasuwa kuwa, muna roƙo da babbar murya a bar shi. Doka ta yarda mutum ya kama ɓarawon da ya gani yana sata, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Ba ta yarda da duka ba. Manjo Maxwell Mahama soja ne a bakin aiki, aka ɗauke shi ɗan fashi aka kashe shi a Denkyira-Obuasi a watan Mayun 2017. A Janairun 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai.

'Yan sanda sun gano kayana amma sun ce sai an gama shari'a. Haka ne?

Kayan sun zama shaida, kuma mai gabatar da ƙara na bukatar nuna su. Dokar Tsarin Shari'ar Laifuka ta 1960, mai lamba 30, ta ba kotu ikon umartar a mayar wa mai kaya kayansa, har ma a sa mai laifi ya biya diyya. Ba dole sai ƙarshe ba: in abin sana'arka ne, kamar pragya ko keken ɗinki, ko abin da zai lalace a ajiye, ka nemi mai gabatar da ƙara ko lauyanka ya roƙi kotu a ɗauki hotonsa a sake maka shi, bisa alkawarin kawo shi in an nema. Ka riƙa halartar zama, domin rashin zuwan mai ƙara na kashe shari'a. Wanda aka nemi kuɗi a hannunsa kafin a ba shi kayansa yana iya kai kuka ga kwamandan yankin, ko sashen ladabtarwa na 'yan sanda, ko CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam.

Iyayen ɓarawon sun zo da liman suna neman a sasanta. In yarda?

Karɓar kayanka ko kuɗinsu ba laifi ba ne, yafewa kuma alheri ne. Abin da Dokar Laifuka ta hana shi ne ka karɓi kuɗi bisa sharaɗin ba za ka ba da shaida ba. Shari'ar sata ta gwamnati ce, ba taka ba, kai shaida ne a cikinta. Saboda haka duk abin da za a biya, a biya da sanin mai bincike, a rubuta, a gaya wa kotu. Alƙali kan duba hakan wajen sassauci, kuma tun 2022 doka ta buɗe ƙofar yarjejeniyar amsa laifi, wadda biyan diyya kan shiga cikinta.

Zan ba da jinginar sarƙata in karɓi bashi. Me ya kamata a rubuta?

Jingina halal ce, tana cikin aya ta 283 ta Suratul Baƙara. Ruwan da ake ɗorawa a kan bashin ne malamai suka hana. Ta fuskar dokar ƙasa, ba da bashi a matsayin sana'a aiki ne da ke ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Ghana, don haka ki nemi ganin lasisin mai ba da bashin. Dokar Masu Ci da Ba da Bashi ta 2020, mai lamba 1052, ta wajabta masa ya bayyana miki dukkan kuɗin da za ki biya a rubuce kafin ki sa hannu.

A auna sarƙar a gabanki, a rubuta nauyinta da giram, da karat ɗinta, a ɗauki hotonta a kan sikeli lambar na nunawa. Sarƙar da ta shiga da giram 20 tana iya fitowa da 17 in an zare 'yan ƙawanya, ido kuma ba zai gane ba. In waya ce, a rubuta IMEI da lafiyar batir da gilashi. In babur ne, a rubuta abin da mitar tafiya ta nuna. Sai adadin bashi, ranar fansa, abin da zai faru in ranar ta wuce, shaidu biyu, kowa da kwafinsa.

Ki lissafa ruwan a shekara, ba a wata ba. Kashi 20 a wata kan sidi 1,000 sidi 200 ne, a shekara 2,400, jarin kuma yana nan. Abu mafi haɗari: kada ki sa hannu a takardar da ta ce kin sayar, ko takardar canja mallakar abin hawa, da sunan "don tabbaci kawai". Ran rigima takardar ce za ta yi magana. Kada kuma a bar wa kowa Ghana Card, fasfo, ko katin banki da lambar sirrinsa.

Ranar fansa ta wuce. Kayan sun zama na mai ba da bashin ke nan?

Ba su zama ba. Jingina tabbaci ce, ba ciniki ba. Haƙƙinsa kuɗinsa ne, ba kayan ba. Sai ya sanar da kai, ya ba ka lokaci, sannan a sayar da farashin da ya dace, ya cire abin da yake bi da kuɗin ɗawainiyar sayarwa, ragowar taka ce. In ka jinginar da babur na sidi 9,000 kan bashin 3,000, ba shi da ikon haɗiye bambancin. In kuɗin bai kai ba, cikon na kanka.

Ga masu lasisi, doka mai lamba 1052 ta shimfiɗa matakai: sanarwa a rubuce, kwana 30 na biya, sannan su sanar da rajistar jingina su karɓi takardar sahalewa kafin su sayar ba tare da kotu ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu ma haka ya tafi: sharaɗin "in ba ka biya ran kaza ba kaya sun zama nawa" ɓatacce ne. Bashi kuma ba laifi ba ne da za a kulle mutum a kansa. Maganarsa ta kotun ƙararrakin kuɗi ce.

Kayan sun ɓata ko sun lalace a hannun mai riƙon jingina, ko yana amfani da su.

Amana ce a hannunsa, dole ya kula da ita yadda mai hankali ke kula da nasa. In sakacinsa ne, zai biya. Malamanmu sun bambanta abin da ake iya ɓoyewa, kamar gwal da tufafi, wanda zai biya sai in ya kawo shaidar yadda ya salwanta, da abin da ba ya ɓoyuwa kamar dabba. Sa babur ɗin jingina a hanya yana kawo kuɗin kullum ba da izini ba, ci da haƙƙin wani ne, kuma kana iya neman a lissafa a cire daga bashin.

Ɗan'uwana ya ɗauki injina ya jinginar ban sani ba. Sai na biya kafin in karɓa?

Ba dole ba ne. Wanda ba shi da ikon sayarwa ba shi da ikon jinginarwa, mai ba da bashin sai ya bi wanda ya karɓi kuɗinsa. Amma ka sani in ka kai wa 'yan sanda, ƙarar sata ce a kan ɗan'uwanka, kuma janye ta ba a hannunka kaɗai take ba. Da yawa sukan fara da zama gaban manya ko fadar Sarkin Zongo. In an daidaita a can, a rubuta wanda zai biya, nawa, da yaushe, kowa ya sa hannu, a miƙa maka injinka a wurin zaman.

Na tsinci waya a cikin trotro, motar haya. In ba wanda ya zo, tawa ce?

Sashe na 127 na Dokar Laifuka ya ce tsintuwa na zama sata in ka san mai abin, ko akwai alamar da za ta kai ka gare shi, ko da alama zai iya gano abinsa in ya nema. Waya kuwa tana ɗauke da layi mai rajista da sunan mutum, kuma mai ita zai kira. Bar ta a kunne, ka amsa kira, kada ka cire layin. In ba wanda ya kira, kai ta ofishin shugabannin tashar ko na 'yan sanda, ka tabbata an rubuta sunanka da ranar da ka kawo ta.